Wace kyauta zan ba masu fiyanon da nake saita wa?

Mai tambaya: Salam 'yan'uwa. Don Allah a taimaka min, abin nan ya tsaya min a rai. Sana'ata saita sautin fiyano, shekara 9 ke nan. Wajen wani dattijo na koya, sai da na yi shekara 3 ina ɗaukar masa jaka kafin ya yarda na taɓa tsirkiya. Da kunnensa ya fara nauyi sai ya miƙa min mutanensa. Shi bai taɓa ba kowa kyauta ba, kwanan wata kawai yake rubutawa a cikin fiyanon ya tafi, kuma ba su taɓa barinsa ba. Ni ko ga shi suna zame min. Wanda ya kamata ya kira ni sau biyu a shekara sai ya yi shiru shekara 3, in je in tarar sautin ya faɗi ƙasa da 440, wato ma'aunin da ake daidaita sautin fiyano a kai, dole in jawo shi sama gaba ɗaya kafin in zauna saitin gaske. Aiki biyu ke nan, shi kuma ya ga kamar na tsawwala masa. Shi ne na ce bari in buga kofuna da biro masu sunana da lambata, har na yi magana da mai bugawa. Amma hankalina bai kwanta ba.

Tsohon hannu: Ƙanena, tsayar da mai bugawar nan yau. Kofi? Ina kake zaton za su ɗora shi? A kan fiyano! Ranar da ya zube ciki, tsirkiya ta yi tsatsa, kan 'yar gudumar da ke bugun tsirkiya ya kumbura, sunanka ne a jikin kofin. Biro kuwa, Allah kaɗai ya san nawa na zaro daga bayan murfin madannai bayan an kira ni wai maɓalli ya maƙale. Ba su ƙaramin ma'aunin danshi, ka manna lambarka a jiki. Fiyano na da tsirkiya wajen 230, jan da suke yi ya kai tan 18, kuma allon sautin katako ne: ya sha danshi ya kumbura sauti ya hau, iska ta bushe ya sauka. Ka ce musu danshin ɗakin ya zauna tsakanin 40 da 50 cikin ɗari. Duk ranar da suka ga lamba ta gota, kai za su tuna.

Malamar kiɗa: Ni daga ɓangaren masu kira nake. Gaskiya abin da nake amfani da shi kullum shi ne ɗan maƙalin riƙe shafin littafi, da ƙyalle mai laushi na goge madannai. Amma Malam, kyauta ba ta riƙe mutum. Wanda yake min a da, sau uku yana saɓa alkawari ana gab da jarrabawar ɗalibaina, yaran suka yi ta bita a kan sautin da ya karkace. Har yau abin na min ciwo. Kalandarsa na rataye a bango ranar da na nemi wani.

Wani mai saiti: Baba, da girmanka, ban yarda da ma'aunin danshi ba. Masu araha ba su cika daidai ba, ka ajiye biyu wuri ɗaya kowanne da tasa lambar. Na taɓa ba wani, ya mayar da ni abin kira dare da rana, ƙarshe ya ce ni na lalata masa fiyano. Saƙon tuni bayan wata 6 ya fi kowace kyauta. Mu matsalarmu ma ba wannan ba ce, masu sauke manhaja a waya ne su sayi makullin saiti su ce sun iya. Su tsinka tsirkiya, su sassauta ƙusoshin da ke riƙe ta, sannan a kira ka gyaran ɓarna a ƙi biyanka haƙƙinka.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Amma Baba, mutanena masu hankali ne, ba na jin za su ɗora kofi a kan fiyano. Kuma kofi kullum ana ganinsa, ma'auni kuwa sai mai kula. Malama, ni ban taɓa saɓa alkawari ba ko sau ɗaya. Saƙon tuni kuma nauyinsa nake ji, kamar ina roƙo. Ga shi na riga na ba mai bugawa kafin alƙalami.

Tsohon hannu: Masu hankalin ba su da yara? Ba su yin baƙi? Gara ka yi asarar kafin alƙalamin da ka yi asarar suna. Shekara 30 ina wannan aiki, ma'auni na ce.

Malamar kiɗa: Wai mutum nawa ne ma? Kuma gidaje ne ko makarantu? Don abin da zai yi wa makaranta daban ne.

Mai tambaya: A gauraye suke. To idan na bar biron na buga kofunan kawai fa, in rubuta a jiki kada a ɗora a kan fiyano? Jibi mai bugawa yake jiran amsata.