Waɗanda suka taɓa fita aikin sa kai na addini zuwa wata ƙasa, ku ba mu labari

Autan Gida:
Assalamu alaikum jama'a. Ƙungiyarmu ta matasan masallaci za ta tura mutum 12 aikin agaji na sati biyu a wata ƙasa da ke kudancin Afirka, kuma sunana ya fito. Wallahi murna nake amma gabana na faɗuwa, don ni ba likita ba ne ba magini ba, ɗalibi ne kawai. An ce akwai rabon kaya, da ziyarar gidan marayu, da ɗan wa'azi da yamma. Don Allah duk wanda ya taɓa zuwa, musulmi ne ko kirista, ya gaya min gaskiyar abin da ya gani.

Maman 'Yan Biyu:
Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya ba da lada. Ni nas ce, na je Bangaladash a 2018, sansanin Kutupalong da ke Cox's Bazar, inda 'yan Rohingya sama da dubu 700 suka kwararo daga Myanmar tun watan Agustan 2017. Na tafi da tunanin ai musulmi ne 'yan uwana, muna haɗuwa za mu fahimci juna. To sallama kam mun yi, mun yi sallah sahu ɗaya da matan, amma daga nan fa shikenan, ko "ina ke miki ciwo" ban iya tambaya ba sai da tafinta, ita ma 'yar yankin Chittagong ce, yarensu ya yi kusa da na Rohingya ne kawai ba ɗaya ba ne, wani lokacin sai an maimaita magana sau uku. Ranar da ba ta zo ba awon zafin jiki kawai na wuni ina yi. Rabin aikina a bakin yarinyar nan yake, amma ko a rahoton da muka kawo gida sunanta bai fito ba, har yau abin na damuna.

Sai masu hawan jini da ciwon suga. Ka ba tsohuwa maganin wata ɗaya ka hau jirgi ka tafi, wa zai ba ta na wata na biyu? Likitan ƙasar da muke ƙarƙashinsa ya hana mu ɗora kowa a kan maganin da babu shi a asibitin sansanin, da farko na ji haushi sosai, daga baya na ga gaskiyarsa.

Baban Salama:
Salama gare ku. Ni da 'yan cocinmu Beira muka je a Mozambik, bayan guguwar Idai ta watan Maris 2019. Lokacin da muka isa an riga an sha fama da kwalara, an kai rigakafin ɗigawa a baki kusan dubu 900, amma makarantu da yawa har lokacin babu kwano a kansu. Aka ba mu gyaran ajujuwa. Mu takwas ne, ba magini ko ɗaya a cikinmu. Kwana biyu muna jera bulo muna waƙoƙin yabo, rana ta uku na fito da sassafe sai na tarar da magina biyu 'yan garin suna sauke layin da muka ɗora suna sake shi, shiru-shiru, don kar mu ji kunya. Jikina ya yi sanyi ƙwarai, ga siminti mun ɓata, ga lokacinsu mun ci. Daga ranar muka koma leburorinsu, ɗaukar bulo, kwaɓa siminti, ɗebo ruwa, kuɗin da muka ware na yawon ranar ƙarshe kuma muka ƙara ɗaukar magina da shi.

Ɗana, ka ambaci wa'azi. Ranar rabon kaya wani a cikinmu ya ce a fara da wa'azi tukuna, faston garin ya ce sam. Ya ce a layin nan akwai musulmi akwai masu addinin gargajiya, kuma mai jin yunwa duk abin da ka faɗa amin zai ce, a raba kawai, mai son addu'a ƙofar coci a buɗe take ranar Lahadi. Daga baya ne na san tun 1994 akwai ƙa'idar aiki ta Red Cross da ƙungiyoyin agaji, har da na addini irin su Caritas, da ta hana amfani da agaji wajen jan mutane zuwa wani addini ko siyasa.

Malamin Islamiyya:
Baba wannan fasto ya yi daidai. Mu ma a Suratul Insan siffar mutanen kirki kenan, suna ciyarwa don Allah, ba sa neman sakayya ko godiya. Auta ku raba lokacin wa'azi da lokacin rabo, kuma ku bar limamin garin ya ja gaba, ya fi ku sanin mutanensa.

Anti Malama:
Ni gidan marayun nan ne ya sa na kasa wucewa. Na yi sati uku a wani gida a Katmandu a 2016, shekara guda bayan girgizar ƙasar Nepal ta Afrilun 2015. Ba wanda ya tambaye ni takardar shaidar hali, ba wanda ya tambayi ko na taɓa aiki da yara, ranar da na sauka aka miƙa min su. Wata yarinya 'yar shekara huɗu ta maƙale min, ko banɗaki zan je tana riƙe da zanina, ni kuma ina jin daɗi ina cewa Allah ya haɗa jininmu. Ranar tafiya ta yi kukan da har yau ina jinsa a kunnena. Matar da ke musu girki ce ta ja ni gefe ta ce haka take yi duk wata, wasu su tafi wasu su zo, kuma uwarta na nan da ranta a ƙauye, da alƙawarin makaranta aka karɓo ta.

Da na dawo na yi ta bincike, ashe ƙungiyoyin kare yara sun ƙiyasta kusan 8 cikin 10 na yaran irin waɗannan gidaje suna da uwa ko uba a raye, talauci ne ya raba su, kuma kuɗin baƙi ne ke sa wasu gidajen neman ƙarin yara. A 2018 Ostareliya ta sa safarar yara zuwa gidajen marayu cikin nau'in bautar zamani. Ba na cewa duk gidajen haka suke, amma ni dai ba zan ƙara shiga don sati biyu ko uku ba. Kuma don Allah kar ka ɗauki hoton ɗan wani ka sa a Facebook.

Injiniyan Ruwa:
Mun haƙa rijiyar burtsatse a wani ƙauye a Malawi, aka yi biki aka yi addu'a. Bayan shekara uku na koma na tarar da famfon a mace, 'yar robar ciki ce kawai ta cinye, amma da yake daga waje muka kawo shi babu kayan gyaransa a yankin. Afridev ne irin famfon da ake amfani da shi a can, da mun tambaya da an gaya mana. Mata sun koma rafi. Sai da muka canza shi, aka kafa kwamiti aka koya wa mutum uku gyara.

Mai Tambaya:
Ku yi haƙuri fa, amma kuɗin tikitin mutum 12 ba gara a tura musu ba? Magina nawa zai biya?

Baban Salama:
Tambayarka na kan hanya ɗana, kuma in don ginin ne kawai, turawar ta fi. Sai dai cikin mu takwas ɗin nan, biyar har yau duk wata suna tura wa makarantar gudummawa, don sun san fuskar hedimasta. Amma 12 kam sun yi yawa, huɗu masu sana'a sun isa.

Maman 'Yan Biyu:
Auta kar ka manta katin rigakafin zazzaɓin shawara, wato yellow fever, sai ya kwana 10 yake fara aiki, kuma tun 2016 allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Ka ga likita kan maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro, ku kuma tabbatar bizar da za a buga muku ta yarda da aikin sa kai.

Autan Gida:
Na gode ƙwarai iyayena da yayyena, Allah ya saka da alheri. Gobe muna da mitin, zan tambayi shugabanmu wa ya gayyace mu a can, kuma su suka zaɓi aikin ko mu. Anti, zan roƙa a cire ziyarar gidan marayun, in ba a cire ba ni ranar zan tsaya wajen sauke kaya.