Abin da aka tattauna a Jidda kan horon aiki a fannin tsara birane

Taron da ɗalibai Hausawa masu karatun tsara birane da manufofin gwamnati suka yi a Jidda ya fi karkata kan tambaya ɗaya: ina ake samun gurbin horon aiki?

Farkon abin da manya suka ce, kowa ya duba takardunsa. Shirin horon aiki na Tamheer, na asusun Hadaf (asusun gwamnatin Saudiyya na bunƙasa ma'aikata), wanda ke biyan alawus ga waɗanda suka gama jami'a, na 'yan ƙasar Saudiyya ne. Mai iƙama kuwa ya nemi kamfanonin da ke zana wa hukuma taswira, ko ya gwada Bankin Raya Ƙasashen Musulmi, tunda hedikwatarsa na nan Jidda kuma Nijeriya da Nijar duk mambobi ne.

An daɗe kan batun kayan aiki. Wani injiniya ya ce shi ba maki yake fara dubawa ba, taswira yake nema. Ɗalibi ya koyi QGIS, manhajar zana taswira a kwamfuta, kyauta ce, ya ɗauki unguwa ɗaya ya nuna inda ruwa ke taruwa, inda mota ba ta shiga, da nisan gidaje zuwa makaranta. Ambaliyar Jidda ta 2009 da rusau ɗin unguwannin Ghulail da Karantina sun isa darasi, kuma yaranmu da suka tashi a can sun san lungunan fiye da kowane ɗan ofis. A ganina wannan ce shawarar da ta fi nauyi.

Masu karatun manufofin gwamnati kuma su saba da rubuta rahoto mai shafi biyu, da Larabci da Turanci. Wata Hajiya ta ƙara da cewa a fara aika takarda tun zangon farko, domin kafin bazara guraben sun cike.