Neman shawara: tafiyata ta farko zuwa farautar manyan namun dawa, ina ɗan shekara 63

Dattijon Tudun Wada:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ni mutumin Zariya ne, shekarata 63, kuma shekara uku ke nan da na ajiye aikin gwamnati. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, maharbi ne a wani ƙauye da ke gaba da Shika, na kuwa tashi ina ganin ƙahon gwanki da na ɓauna rataye a zaurensa, ina jin labarin dajin da a yau ya koma gonakin masara. Ni makarantar boko aka sa ni, saboda haka abin da na taɓa harbi bai wuce zabon daji da fakara ba, shi ma da bindigar toka ta ƙanen mahaifina, tun ina saurayi.

Na daɗe da burin in bi sawun ɓauna ko da sau ɗaya ne kafin ƙarfina ya ƙare, yanzu kuma 'ya'yana sun ce za su haɗa hannu su tallafa mini. Ina so in san ƙasar da ta fi dacewa da sabon shiga irina, da yadda ake yi da batun bindiga, da kuma ko jikin mai hawan jini da gwiwa ɗaya mai ciwo zai ɗauki wannan hidima. Akwai kuma abin da ya fi damuna, wato matsayin irin wannan farauta a addini, domin ba na so in kashe dukiya a kan abin da zan yi nadamarsa a gaban Ubangiji.

Mai Kanti a Sabon Gari:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Na yi irin wannan tafiya sau biyu, ta farko a Namibiya ina ɗan shekara 58, ta biyu a lardin Limpopo na Afirka ta Kudu, don haka zan gaya maka abin da idona ya gani.

Ka fara cire wasu ƙasashe daga lissafi. Kenya ta haramta wannan farauta tun 1977, kuma ba ta buɗe ba. Botsuwana ta rufe a 2014, ta sake buɗewa a 2019, amma harkarta ta fi karkata ga giwa, wadda ba ta sabon shiga ba ce. Tanzaniya da Zambiya da Zimbabuwe suna da daji na gaske da ɓauna mai yawa, sai dai kwanakin da ake buƙata sun fi yawa, tafiyar ƙasa ta fi tsanani, kuɗin kuma ya ninka. Wanda zai fara, Namibiya ko Afirka ta Kudu ne suka fi masa sauƙi. Ni ta Abuja na tashi, na sauya jirgi a Adis Ababa, na sauka a Windhoek, babban birnin Namibiya, kuma sai da na nemi biza tun daga gida da takardar gayyatar kamfanin farautar.

Shawarar da ba za ka so ji ba ita ce ka jinkirta ɓauna. Bijimin ɓaunar kudancin Afirka yakan haura kilo 600, kuma idan ya ji rauni bai mutu ba, yakan shiga sarƙaƙiya ya laɓe ya jira mai binsa. Ƙasashe da dama ba sa yarda a tunkare shi da harsashin da bai kai girman .375 na inci ba, irin wanda kamfanin Holland & Holland na Landan ya fito da shi a 1912, dukan da irin wannan bindiga take yi wa kafaɗa kuwa ya isa ya sa wanda bai saba ba ya riƙa runtse ido kafin ya ja kunama. Ka fara da dangin barewa da gwanki, irin su impala da wata da ake kira “kudu”, da maririn can da suke kira gemsbok.

A kan gemsbok ɗin na koyi darasi. A kwana na uku muka same shi tsaye a fili, tazarar ba ta wuce mita 150 ba. Mai bin sawu ya kafa mini sandunan nan uku da ake ɗaure kawunansu wuri ɗaya a ɗora bindiga, ina haki saboda tudun da muka hau, na yi gaggawa, harsashin ya same shi a bayan haƙarƙari. Muka bi ɗigon jini a kan duwatsu tun hantsi har rana ta faɗi, washegari muka koma, ba mu gan shi ba. Na biya kuɗinsa cif, domin ƙa'idarsu ita ce da zarar an ga jini, dabba ta zama taka ko an same ta ko ba a same ta ba. Ba kuɗin ne ya hana ni barci ba, tunanin dabbar da na bari da rauni a daji ne. Zuciya da huhun waɗannan dabbobi suna can gaba, tsakanin kafaɗu, don haka ana bin ƙafar gaba ne zuwa sama har sulusin jiki a harba a nan. An gaya mini haka tun daren farko, amma sani daban, natsuwar hannu daban.

Game da kuɗi, iri biyu ne: akwai na kowace rana, wanda ya ƙunshi masauki da abinci da mota da ƙwararren maharbi mai lasisi da doka ta ce dole ya raka baƙo, akwai kuma kuɗin kowace dabba da ka harba. Ka sa a rubuta maka komai a takarda kafin ka tura kafin alƙalami, har da kuɗin ɗauko ka daga filin jirgi, da na harsashi, da na gyaran fata da ƙaho, da ihsanin ma'aikata, domin ni a tafiyata ta biyu wani kamfani ya fito mini da ƙarin kuɗaɗen da ba mu yi maganarsu ba a ranar da zan taho. Bindiga kuwa, kada ka wahalar da kanka da fitar da ita daga Najeriya. Afirka ta Kudu tana da fom na 'yan sanda mai suna SAPS 520 na shiga da bindiga na wucin gadi, amma wannan sai mai lasisi ingantacce daga ƙasarsa. Ka yi hayar tasu, ka kuma nemi a ware maka yinin farko gaba ɗaya don gwaji a kan allo, daga kan sandunan nan, kafin ka nuna wa mai rai bakin bindiga.

Likita a Shika:

Baba, barkanku da wannan niyya. Shekara 63 ba ta hana, amma hawan jini da gwiwa suna bukatar shiri na wata huɗu zuwa shida. Ku fara da ganin likitan zuciya a auna bugunta, a kuma duba suga da ƙoda, domin dajin da za ku shiga yana iya zama tafiyar sa'o'i daga asibiti. A duba idanu ma, saboda yanar ido takan fara a wannan shekaru ba tare da mutum ya lura ba, kuma da asuba ko dab da magariba, lokacin da dabbobi suke fitowa, nan ne take nuna kanta.

Ku riƙa tattaki kullum bayan sallar asuba da takalmin da za ku tafi da shi, ku fara da kilomita biyu ku ƙara a hankali, idan gwiwa ta yarda kuma ku gwada gangaren Kufena tare da ɗaya daga cikin 'ya'yanku. Windhoek tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,700, fiye da ninki biyu na Zariya, shi ya sa haki yake zuwa da wuri. Daga Mayu zuwa Agusta, lokacin da aka fi yin farautar, hunturunsu ne, kuma sanyin asubarsu a bayan buɗaɗɗiyar mota ya fi na tsakiyar Janairu a nan.

Akwai batun katin rigakafin shawara, wanda Afirka ta Kudu take tambayar duk wanda ya fito daga Najeriya. Tun 2016 allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa, saboda haka idan kun taɓa yi lokacin aikin Hajji, ku nemo shaidar. Idan ba ku taɓa yi ba, ku tattauna da likita tukuna, domin allurar farko ga wanda ya haura 60 tana da haɗari fiye da ga matashi. Ku ɗauki magungunanku a jakar hannu tare da takardar likita, ku sayi inshorar da ta ƙunshi ɗauko mara lafiya ta jirgi, ku kuma toshe kunne duk lokacin gwajin harbi. Idan wata rana kuka nufi Tanzaniya ko kwarin Luangwa na Zambiya, akwai ƙudan tsando mai kawo ciwon barci, kuma baƙin kaya da shuɗi suna jawo shi.

Ɗalibin Ilimi, Ƙofar Doka:

Allah Ya ƙara wa Baba lafiya. Asalin farauta halal ce, kamar yadda ya zo a Suratul Ma'ida, amma Ibn Abi Zaid ya faɗa a Risala cewa farauta don wasa makaruhi ce, wadda ba ta wasa ba kuwa halal ce. Saboda haka niyyar Baba ita ce kan gaba: a harbi abin da ake ci, da nufin a ci ko a ciyar. Zaki da damisa don fata kawai ba su shiga wannan ba, gadu kuwa alade ne, kada a bari su sa shi a cikin lissafi don yana da araha.

A yi bisimilla lokacin jan kunama. Malaman Malikiyya na baya-baya sun halatta abin da harsashi ya kashe, domin yana huda jiki ya zubar da jini. Idan an riski dabbar da sauran rai kuma harsashi bai samu makasarta ba, wajibi ne a yanka, don haka Baba ya riƙe wuƙarsa mai kaifi, ya kuma sanar da su tun farko cewa shi zai yanka da hannunsa. Akwai wani wuri da ya kamata a kula: a mashahurin zancen mazhaba, sharaɗi ne maharbin ya zama Musulmi, to idan jagoran nan wanda ba Musulmi ba ya ƙara harbi a bayan na Baba kuma nasa ne ya kashe, naman ya shiga matsala. A yi yarjejeniya cewa ba zai harba ba sai idan rai na cikin haɗari. Haka nan abin da ya ɓace ya kwana a daji sannan aka tsince shi matacce, akwai saɓani a kan cinsa, kuma barinsa ya fi tsentseni. Ya dace kuma a tambayi inda sauran naman yake zuwa, tunda ba a shigowa da shi gida.

Jikan Sarkin Baka:

Kawu, ni ina da ɗan ja a kan shawarar Afirka ta Kudu. Yawancin wuraren can gonaki ne masu shingen waya, wasu manya ƙwarai, wasu kuwa ƙanana da ake sayo dabbobi a zuba. Wanda ya tashi a zauren maharbi ba zai ji daɗin harbin dabbar da ba ta da inda za ta gudu ba. Idan can ɗin ne, a tambayi faɗin wurin, a kuma tambaya ko dabbobin a nan suke haihuwa. A Namibiya akwai dazuzzukan da dokar 1996 ta damƙa wa al'ummar karkara, inda kuɗin farauta da naman suke komawa ga mutanen ƙauye, kuma wannan ya amsa tambayar da malam ya yi.

Dabbobin da mahaifinku ya sani, wato gwanki da kanki da mariya da mazo da ɓaunarmu mai ja-ja, suna nan kusa a arewacin Kamaru, a yankunan farauta da ke kewaye da gandun Binuwai da Faro da Buba Njidda, ana shiga ta Garwa, inda za ku sami masu jin Hausa da Fulatanci. Amma da rani ake yi, zafin Maris da Afirilu a can ba na mai hawan jini ba ne, kuma tsadarsa ta fi ta kudancin Afirka. Benin da Burkina Faso kuwa a bar su, domin tun da aka sace wasu Faransawa biyu a gandun Pendjari na Benin a 2019 aka kashe ɗan jagoransu, yankin bai zauna lafiya ba.

Kafin komai, ku je Yankari ku kwana uku. An keɓe shi tun 1956, harbi haramun ne a cikinsa, amma da rani za ku iya ganin ɓauna da gwanki a bakin kogin Gaji, ku gane yadda jikinku yake ɗaukar yini a daji. Idan kuma kuna son dawowa da ƙaho daga waje, ku binciki izinin shigowa da shi tun kafin tafiya, saboda yarjejeniyar CITES ta ƙasa da ƙasa a kan cinikin namun daji, da dokarmu a kan dabbobin da ke fuskantar ƙarewa.

Dattijon Tudun Wada:

Allah Ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na karanta wa babban ɗana amsoshinku jiya bayan isha'i, mun kuma tsayar da cewa zan ga likitan zuciya a makon nan, in fara tattaki, mu je Yankari tare a watan Fabrairu. Idan Allah Ya nufa, sai Namibiya a Yuli, a ɗaya daga cikin dazuzzukan al'umma, dabba biyu kawai, kuma ɗana zai raka ni. Maganar ɓauna na ajiye ta, ko da yake ban cire ta daga raina ba. Alhaji na Sabon Gari, kwana nawa kake ganin za su isa, kuma shin an ba ka damar tsayawa salla ba tare da ɓata rai ba?

Mai Kanti a Sabon Gari:

Kwana bakwai na farauta, ban da ranar isa da ranar tashi, domin mai kwana biyar shi ne yake gaggawa irin tawa. Salla kuwa ba su taɓa hana ni ba. Da rana tsaka dama ana hutawa a inuwa, nan nake yin azahar da la'asar ƙasaru, kuma na roƙi mai dafa abinci ya ware mini tukunya da wuƙa tun ranar farko, ya yi hakan. Ka tafi da buta da ƙaramar darduma, ka kuma tuna cewa alƙibla a can tana wajen arewa maso gabas.