Mu sabunta damin mujallu ko mu soke? Ina neman shawarar masana aikin

Mai Rajista: Assalamu alaikum. Hukumar jami'a ta zaftare kasafin laburare, ta ce kowane sashe ya nuna abin da yake kawowa. Yarjejeniyarmu ta shekara uku da wani babban kamfanin wallafa za ta ƙare nan da wata huɗu. Dami ne, mujallu rututu a kan kuɗi guda, kuma kuɗin na hawa duk shekara. In mun sabunta, ba abin da zai rage na sayen littattafai. In mun soke, malaman kimiyya za su rasa abin karantawa. Gaba kura, baya sayaki. Ta ina zan fara?

Uwar Kundi: Wa alaikumus salam, Malam. Fara da ciro rahoton COUNTER na shekara ukun nan, wato ƙidayar yawan karanta mujallun da mawallafi ke bayarwa. Ka ɗauki ƙidayar da ke lissafa kowace maƙala sau ɗaya, domin ɗaya ƙidayar tana ninkawa idan mutum ya buɗe maƙala a shafi sannan ya sauke PDF ɗinta. Raba kuɗin damin da wannan adadi, ka jera mujallun daga wadda aka fi karantawa zuwa ƙasa. Za ka tarar 'yan kaɗan ne ke ɗauke da yawancin karatun. Sai ka bi ta Unpaywall, manhajar gano maƙalun kyauta, ka ga nawa ne cikinsu ake samu kyauta ta halastacciyar hanya. Abin da ya saura shi ne ainihin abin da kuke saye.

Ɗan Taska: Ku shiga Research4Life kawai, shirin da ke ba ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi damar karanta mujallu, kyauta ne.

Uwar Kundi: Ƙanena, bai ma faɗi ƙasar da yake ba. An kasa ƙasashe rukuni-rukuni: rukunin A ne kyauta, rukunin B na biyan dala 1,500 a shekara, wasu ƙasashen kuma ba sa cikin tsarin sam. Ko kana ciki, mawallafi na da ikon janye mujallunsa daga ƙasarku in ya ga akwai kasuwa.

Tsohon Ma'aji: Duk kun tsallake inda ciwon yake. Malam, buɗe yarjejeniyar ka nemo sakin layin da ya yi bayanin abin da zai rage hannunku bayan sokewa. Galibi haƙƙin dindindin yana kan mujallun da kuke biya ɗaya-ɗaya tun kafin damin ne kawai. Sauran haya ce. Haka laburare ke faɗawa rami: an shiga dami, an daina karɓar mujallun takarda, an kwashe tsofaffin daga kanta don a sa kwamfutoci, an yi shekara goma ana biya. Ran da aka soke, ɗaliba ta latsa maƙalar da ta karanta jiya, sai allo ya nuna mata taƙaitaccen bayani da wurin saka katin banki. Da can, abin da laburare ya saya nasa ne har abada, ya ara wa wanda ya ga dama. Yanzu kuɗin jama'a ya biya bincike, malamai sun rubuta kyauta, sun tantance kyauta, sannan a dawo a ba jami'arsu hayar abin. Wannan yana ƙona mini rai. Ka nemi jerin mujallun dindindin a rubuce, shekara da shekara, ka tabbatar suna cikin Portico ko CLOCKSS, rumbunan adana mujallun lantarki na dogon lokaci.

Malamin Kimiyya: A soke. Jami'ar Kalifoniya ta raba gari da babban kamfanin wallafa Elsevier a 2019, bincike bai tsaya ba, a 2021 aka dawo aka ƙulla yarjejeniyar buɗe maƙalu, wato kowa ya karanta su kyauta. Jamus ma ta jure shekaru kafin DEAL, haɗakar cibiyoyin bincikenta, ta daidaita da Elsevier a 2023.

Uwar Kundi: Ranka ya daɗe, Jami'ar Kalifoniya na fitar da kusan kashi goma cikin ɗari na binciken Amurka, Jamus kuwa ƙasa ce sukutum ta haɗa kai. Laburare ɗaya tilo ba shi da wannan murya. Kuma ku malamai ba ku ne ke amsa ƙorafi a kan tebur ba.

Malamin Kimiyya: Hajiya, ai mu ne masu karanta mujallun, shawararmu ma abin ji ce.

Ɗan Taska: To a raba rigimar, kowa ya ara a wurin makwabcinsa da ke da dami!

Tsohon Ma'aji: Wasa kake, amma aro tsakanin laburare shi ne madogara bayan sokewa, kuma wasu lasisin na taƙaita shi. A duba wannan ma. Batun buɗe maƙalu kuwa, sau da yawa shingen ne ake ɗagawa daga gaban mai karatu a kai gaban marubuci. Mujallar Nature ta sa wa marubuci Yuro 9,500 kan buɗe maƙala ɗaya a 2021.

Uwar Kundi: Wannan ƙololuwa ce, Baba. Yawancin mujallun da ke cikin DOAJ, kundin jerin mujallun da ake karantawa kyauta, ba sa karɓar ko sisi daga marubuci. Dubi SciELO, taskar mujallun kyauta, da kuɗin hukuma Brazil ta rene ta.

Mai Rajista: Na gode. Amma ƙarin kashi nawa a shekara ya kamata in amince da shi?

Tsohon Ma'aji: Ba mai gaya maka nasa, don yawancin yarjejeniyoyin na ɗauke da sharaɗin rufe farashi. Ka ƙi sa hannu a kan wannan sharaɗin.

Mai Aron Littafi: Ku aƙalla kuna da teburin ciniki. Laburaren jama'a fa? Tun 2011 mawallafiyar littattafai HarperCollins ta ƙayyade aro 26 ga littafin lantarki, daga nan sai a sake saye, littafin da ba ya yagewa. A 2019 takwararta Macmillan ta hana laburare samun fiye da kwafi ɗaya na sabon littafi a makonni takwas na farko, sai a Maris 2020 ta janye. Birtaniya ta rufe laburare kusan 800 tsakanin 2010 da 2019 da sunan tsuke bakin aljihu, alhali nan ne mai neman aiki marar intanet ke cika fom.

Malamin Kimiyya: Ga kuma Internet Archive, taskar littattafai ta intanet, ta sha kaye a kotu a 2023 kan aron littattafan da ta ɗauki hotonsu, ɗaukaka ƙarar ma bai yi ba a 2024.

Mai Rajista: Baba, na samo sakin layin. An rubuta cewa haƙƙin na kan mujallun da ke rataye na biyu, amma ratayen ba ya cikin fayil ɗinmu. Wa zan tambaya, kamfanin ko dillalin?