Ashwagandha: "warin doki" za mu ce, ko yaya?

Mai Fassara: Salamu alaikum jama'a. Ina cikin fassara wani rubutu kan Ayurbeda, maganin gargajiyar Indiya, sai na yi karo da ashwagandha, alƙalami ya tsaya cak. Saiwar wani tsiro ce da ake nomawa a jihohin Madhya Pradesh da Rajastan. A shanya ta a daka, a dama garin a madara mai ɗumi da man shanu ko zuma, a sha da dare. Masu Ayurbeda na sa ta cikin rukunin da suke kira rasayana, wato abin da ake sha don ƙarfin jiki da kwanciyar hankali, ba sai ciwo ya kwantar da mutum ba. A Sanskirit, tsohon harshen Indiya, ashwa doki ne, gandha kuma wari, don ɗanyar saiwar warin doki take. In rubuta "warin doki"?

Ɗan Kurmi: Malam, rubuta "warin doki" a jikin kwalba ka ga ko mutum ɗaya zai buɗe murfin. Ni "saiwar doki" ta fi kwanta mini.

Hajiya Mai Lalle: A'a, ɗana. Ka ce saiwar doki yau, gobe masu lasifika a tasha sun mayar da ita maganin ƙarfin maza, dokin kaɗai za su riƙe. Alhali ai maganar Malam ta mutumin da tunani ya hana shi barci ce. Me zai hana a ce "kwantar da rai"?

Mai Fassara: Hajiya, na ji daɗin sunan, sai dai ya yi alkawari da yawa. Mai karatu zai ɗauka da an kurɓa damuwa ta tafi.

Malamin Tsirrai: Ku dakata, muna neman abu a kasuwa alhali yana bayan gida. Sunan tsiron a kimiyyance Withania somnifera, kuma somnifera da Latin "mai kawo barci" ke nan, kun ga Hajiya ba ta yi nisa ba. Ɗan dangin gauta da tumatir ne. Tsayinsa bai cika wuce ƙugun mutum ba, ganyen da ɗan gashi-gashi, 'ya'yan jajaye kamar ƙwayar wake, kowanne a lulluɓe cikin ɓawo mai kama da busasshiyar takarda. Ba Indiya kaɗai yake fitowa ba, yana nan Afirka, har ƙasar Hausa, kuma magabata sun riga mu raɗa masa suna: ƙarama anta.

Hajiya Mai Lalle: Ikon Allah! Na san sunan a bakin tsofaffi, ban taɓa haɗa su ba.

Malamin Tsirrai: Amma Malam, ka sa gargaɗi. Kar wani ya karanta ya ɗau fartanya. Ana hana mai ciki sha, kuma ƙasar Danmak ta haramta sayar da ashwagandha a 2023.

Mai Fassara: To ga inda na tsaya. Farko zan rubuta "ƙarama anta, wadda Indiyawa ke kira ashwaganda", babu h ɗin ƙarshe tunda bakinmu ba ya furta shi. Tsiron ƙarama anta, garin da ke zuwa daga Indiya a kwalba kuma ashwaganda. Gargaɗin zai shiga sakin layi na biyu.

Ɗan Kurmi: Wato dai dokina kun kore shi ke nan. To rasayana fa, Malam? "Abin gyaran jiki" ko kuwa Hajiya za ta ce wannan na amare ne?