Matsafin da ya ƙone ƙasa, kun taɓa barinsa ya dawo?

Mai Jan Wasa:
Assalamu alaikum jama'a. Tambayata ga masu buga wasan labari na kan tebur ce, musamman waɗanda suka taɓa riƙe jan wasa, wato mai ba da labarin da yanke hukunci yayin da sauran ke buga jarumansu. Muna buga Dark Sun, duniyar da kamfanin TSR ya fitar wa Dungeons & Dragons (D&D) a 1991. Ga wanda bai santa ba, sunan duniyar Athas, kuma sihiri a can daga ran tsirrai ake zuƙo shi. Matsafi mai tattali yakan ɗiba kaɗan ya bar tsiro da ransa. Maɓarnaci kuwa zuƙewa yake tas, duk ciyawar da ke kewaye da shi ta koma toka, ƙasar ta yi shekaru ba ta fitar da komai. Haka aka yi duniyar ta zama hamada. A tsohuwar dokar wasan ma maɓarnaci ya fi saurin hawa mataki, kun ga da gangan aka ɗana tarkon.

Wata 'yar wasana ta daɗe tana buga maɓarnaciya, yanzu ta ce jarumarta za ta tuba. Tebur ya rabu biyu. Wanda ya taɓa shiga irin wannan, ya ba mu yadda ta kaya a wurinsa.

Tsohon Hannu:
Wa alaikumus salam. Mu a bugun D&D na 3.5, wanda ya fito 2003, akwai addu'ar kaffara da limamin cikin wasa ke yi wa wanda ya kauce. Abin da mutane ke mantawa shi ne, idan da gangan aka yi laifin, limamin ne zai biya maki 500 daga makin gogewarsa, ba mai laifin ba. To a teburinmu mai buga limamin ya ce atafau ba zai biya ba. Ya ce shi ya sha wuyar tara makinsa, wani ya je ya yi yarjejeniya da shaiɗan don ya samu wuta a hannu, sannan a zo a ce shi zai ɗauki asara? Muka yi ta dariya, amma daren nan ya fi duk wani faɗa da dodo daɗi. Sai da matsafin ya bi limamin kamar bara har tsawon zama uku na wasa, yana ɗaukar masa kaya, kafin ya yarda. Da dokar ta ce a jefa dayis kawai, da babu wanda zai tuna da labarin.

'Yar Damagaram:
Ni na ja Dark Sun ta intanet da 'yan uwana ɗalibai, kuma na bar mutum ya dawo. Amma bari in faɗi yadda na yi, domin kalmar "na bari" tana ɓoye abubuwa da yawa.

Jarumin wani yaro cikin 'yan wasana ya ƙone lambun wani ƙauye da ke bakin rijiya. Ba don mugunta ba, 'yan fashin hamada ne suka ritsa su, ya zuƙe lambun ya kashe su duka, ya ceci abokan tafiyarsa. Bayan nan ya ce min yana so ya daina. Na ce to, dainawa a hannunka take, ba sai ka nemi izinina ba. Daga yau sihirinka zai yi rauni, zai ɗauki lokaci kafin ya taru, kuma duk lokacin da kuka shiga tsaka mai wuya zan tuna maka cewa hanyar sauƙi tana nan. Na kuwa cika alkawari. Duk faɗan da ya yi tsanani sai in ce masa a hankali, ga itace can a bayanka. Ba na ƙara komai. Wallahi akwai daren da ya yi shiru har muka zaci layinsa ne ya yanke.

Inda na ƙi sassautawa shi ne mutanen ƙauyen. Mu da muka tashi a gida mun san cewa nadama da daina laifi ba su sauke hakkin mutane, sai an mayar ko an yafe. Da wannan na ja labarin. Ya koma ƙauyen da iri da ruwa, wata tsohuwa ta karɓi ruwan, ta ce ya bar garin kafin rana ta faɗi. Ɗan wasan ya nemi ya jefa dayis na lallashi, na ce jefa. Ya samu lamba mai kyau, na ce to ba za su jefe ka ba. Iyakar abin da lambar ta saya masa ke nan. Ya ji haushina sosai a lokacin. Har muka rufe labarin tsohuwar ba ta yafe ba, ƙasar ma ba ta farfaɗo ba, shi kuma bai ƙara zuƙe ko ganye ɗaya ba.

Yaya Mai Jan Wasa, tambayi 'yar wasanka abin da take so a ce ta samu. In ƙarfinta take so ya zauna yadda yake a kuma daina hararar jarumarta, wannan sauya riga ne kawai.

Ɗan Sabon Gari:
Hajiya, labarinki ya yi kyau, amma ya danganta da wasan. Ni Mage: The Ascension nake ja, na kamfanin White Wolf, 1993. Akwai waɗanda ake kira Nephandi. Su ba laifi suka yi da za a ƙirga a biya ba. Mutum da ƙafarsa yake shiga wani abu da ake kira Caul, a juye masa tushen sihirinsa ciki ya koma waje. Wanda ya fito, abin da zai yi nadamar da shi ma an riga an murɗe shi. Shi ya sa sauran matsafa suke da hukuncin Gilgul, wato a tarwatsa tushen gaba ɗaya don kada ya sake dawowa a wata rayuwar.

Na taɓa saka musu wata da ta zo tana kuka tana cewa ta gudo daga cikinsu. 'Yan wasana mutanen kirki ne, suka ɓoye ta, suka nuna mata maɓoyarsu, ɗaya har ya yi faɗa da shugabanninsa a kanta. Ta sayar da su. Ban yi don in nuna musu tausayi wauta ne ba, na yi ne saboda idan kowane mugu yana da ƙofar dawowa, tsoron ya fita daga wasan, kuma wannan wasan da tsoro yake tafiya.

'Yar Damagaram:
Malam, kai ka rubuta ta maƙaryaciya tun farko. Ba a gwada ko za ta iya dawowa ba.

Ɗan Sabon Gari:
Gaskiya ne. Amma su ba su sani ba, kuma alamu na zuba musu har uku suka ƙi gani.

Bakatsine:
Ga wanda zai ce a Athas ba a dawowa, cikin labarin duniyar kanta akwai Oronis, sarkin Kurn. Yana cikin sarakunan matsafa da suka lalata ƙasar, da can sunansa Keltis, ya bar ɓarna ya koma tattali. To in shi ya iya, ƙaramar maɓarnaciya fa? Da wannan na rufe bakin wani a teburinmu. Sai dai mutum ɗaya ne cikin sarakunan, kuma ɓoye lamarinsa yake yi don kada sauran su far masa.

Mai Shayi:
Mu Call of Cthulhu muke bugawa, na Chaosium, tun 1981 yake. A nan lissafi ne ya yanke gardamar. Iyakar hankalin da jarumi zai iya kaiwa shi ne 99 a cire yawan ilimin asirin da ya sani. Ka karanta littafin da bai kamata ba, rufin ya sauko, kuma ba ya komawa sama. Jarumina likita ne da ya koyi tsafi don ya ceci ƙanwarsa. Ya daina, ya ƙone littattafan, ya kwanta asibiti, makin hankalinsa ya ɗan dawo, amma rufin yana nan inda yake a takarda. Niyyarsa ta gyaru, abin da ya sani kuwa ya riga ya sani. Ni hakan ya fi kwanta min a rai fiye da a ce ba tuba sam.

Mai Jan Wasa:
Na gode ƙwarai. Na tura mata tambayar Hajiya. Ta ce ta yarda ƙarfin ya ragu, abin da take tsoro shi ne kada sauran 'yan wasan su ci gaba da yi wa jarumarta kallon maciji har ƙarshe.

Ƙanwar Kowa:
To bari in yi magana daga ɓangaren 'yan wasa, tunda duk masu jan wasa ne suka cika wurin. A Warhammer na tebur, bugu na huɗu na 2018, za ka iya karɓar makin lalacewa ɗaya don ka sake jefa dayis ɗin da ya ƙi ka. Makin ya taru ya wuce iyakarka, ka faɗi gwajin juriya, sai jikinka ko ƙwaƙwalwarka ta sauya. Sauyin ya yi yawa, jarumi ya fita hannunka ya koma na mai jan wasa. Matsafiyata ta fara da sauyi ɗaya a hannu, tana ɓoye shi da safar hannu saboda mafarautan mayu. Na tsara yadda za ta nemi tsarki, na rubuta shafi biyu na kai wa mai jan wasanmu. Ya karanta ya ce a duniyarsa ba a warkewa daga Chaos, wato mugun ƙarfin da ke kawo lalacewar. Littafin kansa ya bar ƙofar rage makin, mai jan wasan ne ya rufe ta, kuma bai faɗa ba sai da na riga na ci bashin.

Da ya faɗa tun zaman farko, da zan buga ta a haka, mace mai gangarawa da idonta biyu, kuma da na ji daɗinta. Tsoron 'yar wasanka gaskiya ne, Yaya. Ka zaunar da su duka kafin zama na gaba, ba a cikin labari ba, kowa ya faɗi ko jaruminsa zai iya sake amincewa da ita har ya yi barci kusa da ita. In mutum biyu suka ce har abada a'a, gara ta sani yanzu ta ƙirƙiri sabuwar jaruma, ita kuma tsohuwar ta koma hannunka.