Jaririna yana ta amai, sikanin ma bai raba gardama ba

Assalamu alaikum. Don Allah likitocin yara da iyayen da suka taɓa shiga irin wannan hali, ku ba ni shawara.

Ɗana yana da sati 5, shi ne na fari. Kwana 8 ke nan duk ya sha nono, minti kaɗan sai ya feso shi da ƙarfi, jiya har kan hijabin kakarsa da ke gefe. Aman fari ne, ba kore ba, kuma yana gamawa sai ya sake neman nono. Fitsarinsa ya ragu, maɗigarsa ta ɗan faɗa.

Mun je wani asibiti a nan Jos, likita ya ce yana zargin tsokar ƙofar tumbi ce ta yi kauri ta hana nono wucewa hanji. Aka yi sikanin, yaron yana ta tsala kuka, cikin kuma cike da iska. Sakamako ya nuna kaurin tsokar milimita 2.5, alhali an ce sai ta kai 3 ake tabbatarwa.

Yanzu kan likitoci ya rabu. Ɗaya ya ce a ƙara masa ruwa a maimaita sikanin bayan kwana biyu, ɗayan ya ce a ba shi bariyom, wani farin ruwa da ake sha don tumbi da hanji su fito sarai a hoto, a ɗauki eksire. Surukata kuwa ta dage haƙarƙari ne kawai, a kai shi wajen wanzami. Wannan kam ban yarda ba.

Hasken eksire ba zai cutar da jariri kamarsa ba? Jiran kwana biyun fa, babu haɗari? Da wanne zan fara?